Rarar Yadi

A Porto, a wani lungu mai gangara zuwa kogin Douro,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko,
na hau bene da rigar kwat ta kakana a hannu,
na tarar da Belmiro tela yana hura kofinsa.

Ya dube ni tun daga kambas ɗin ƙafata,
wandon jins da aka yaga gwiwarsa tun a kanti,
har rigar da na saya, uku a kuɗin ɗaya,
mai rubutun da ni kaina ban taɓa karantawa ba.
Bai ce uffan ba. Ya miƙo hannu,
rigar yake so, ba gaisuwa ba.

Ya shimfiɗa ta a tebur, ya shafa ulun da bayan yatsu,
ya juya kwala, ya shinshina shafi,
ya ce, "Taba da man gashi. Amadeu ke nan.
Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka,
kwandunan kifi na shekara talatin suka danne ta.
Ubana ya auna shi, ni na riƙe alli."

Na ce ta matse ni a ƙirji,
ga shi ran Asabar ƙanwata za ta yi aure
a cocin kan tudu.

Ya ɗauki reza ya farke ɗinkin baya.
Sai ga yadi ya ɓullo, faɗin yatsu uku,
a naɗe, baƙi wuluk, bai taɓa ganin rana ba,
ya yi shekara hamsin yana jira a duhu.

"Ka gani? Da can ba a yanka riga daidai da yau.
Ana barin rara don tumbin da ke tafe,
don ɗan da ba a haifa ba,
don jika mai faɗin ƙirji da zai hawo bene wata rana.
Taka fa? Farke ta ka gani.
Wanda ya ɗinka ta bai san sunanka ba,
bai kuma sa ran za ku kai baɗi tare ba."

Maganar ta shige ni, amma ban bar ta haka ba.
Na ce, Baba, kakana kwat ɗaya gare shi
kuma tsoron ruwan sama yake saboda ita.
Bai iya ɗaga hannu ya tsinko lemo a cikinta,
bai taɓa zama a ƙasa da mu ba.
Kakata kan tashi kafin zakara
ta hura gawayi a dutsen guga
don wuyan rigarsa ya tsaya kamar bango.
Ni nakan tuƙa keke, in bi jirgin ƙasa da gudu,
in jiƙe, in bushe, ba wanda ya rasa barci domina.

Ya yi dariya, allurai uku a bakinsa.
Ya durƙusa zai auna ni,
sai na hango ƙarƙashin wandonsa mai kari
kambas fari, ya fi nawa laushi.
Ya ga na gani. Ya ce, "Ƙafa ta kumbura.
Ita ba ta san tarihi ba."

Ran Asabar na sa kwat ɗin a kan 'yar rigata,
ba laktaye, ba falmaran.
A aljihun ciki na taɓo wani tsohon tikitin tarago
da ya yi laushi kamar ganye.
Na bar shi inda yake.

Da na tsaya a ƙofar coci ana ɗaukar hoto,
mahaifiyata ta rufe baki da hannu.
Ashe ban sani ba,
na sauke kafaɗata ta dama
don rigar ta zauna daidai.